KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KWASHE KUƊI: Yadda Ake Sayar Wa Matasa Da Tawaye A Dandalin Kiɗan Rok

A daren 30 ga Disamba, 2004, a unguwar Once da ke birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, dubban matasa suka yi cincirindo a wani gidan rawa mai suna República Cromañón domin kallon makaɗan rok da ake kira Callejeros. Da yawansu 'ya'yan raunana ne daga unguwannin bayan gari, waɗanda suka ɗauki waɗannan makaɗa a matsayin masu magana da yawunsu, tun da ma'anar sunan ma ita ce 'yan kan titi. Takardar izinin gidan ta ce mutum 1,031 zai ɗauka, amma a wannan dare an cusa ninki uku ko fiye. Ba a jima da fara kiɗa ba wani ɗan kallo ya kunna abin tartsatsin wuta, wutar ta kama ragar leda da soson da aka lulluɓe rufin da su, baƙin hayaƙi mai guba ya sauko, lantarki ya ɗauke. Da jama'a suka ruga babbar ƙofar da aka tanada domin irin wannan rana, sai suka iske ta a garƙame da kwaɗo da waya. Magajin garin na lokacin, Aníbal Ibarra, ya faɗa da bakinsa cewa an kulle ƙofofin ne domin kada wani ya sulale ya shiga bai biya ba. Mutum 194 suka rasa rayukansu, har da ƙananan yara, fiye da 1,400 suka jikkata.

Wannan kwaɗo ya kamata kowane matashi ya tsaya ya ƙare masa kallo, domin a jikinsa aka rubuta haƙiƙanin wannan harka baki ɗayanta. A kan dandamali ana ta ihun 'yanci da tawaye da zagin mahukunta, a bakin ƙofa kuwa wani yana zaune yana ƙidayar kuɗi, kuma a lissafinsa kuɗin tikiti ɗaya ya fi ran yaro tsada. Ɗan uwan da ke ganin hotunan waɗannan taruka a wayarsa, ya ga tekun jama'a hannuwa a sama, har ya ji a ransa cewa ga matasan da suka ƙi jinin zalunci, yana da haƙƙin a gaya masa wanda ya mallaki filin, da wanda ya riƙe mabuɗin ƙofa, da kuma aljihun da kuɗin ke komawa.

ABIN DA AKE SAYARWA

Asalin kiɗan rok daga Baƙaƙen fatar kudancin Amurka ya fito, jikokin bayi, waɗanda suka daɗe suna zuba baƙin cikinsu a cikin waƙa. Irin su Chuck Berry da Little Richard ne suka gina shi a shekarun 1950, amma da kamfanonin faifai suka hango riba sai aka naɗa wa Farar fata, Elvis Presley, sarautar kiɗan. Kayan aikinsa jita mai amfani da lantarki ne da ganguna da lasifikoki masu tsananin ƙara. Shi kuwa pank reshe ne da ya tsiro a tsakiyar shekarun 1970 a New York da Landan, waƙoƙinsa gajeru, masu sauri da kaushi, cike da fushi.

Ana kallon waɗannan makaɗa ta hanya biyu. Akwai ƙaramin kulob, ɗaki mai duhu da warin giya da gumi, inda mutum ɗari biyu ko uku ke matse jikin juna, samari a gaba suna tsalle suna bangazar juna da sunan rawa. Akwai kuma babban biki na kwana uku ko huɗu a fili, inda dubban ɗaruruwa ke kwana a tantuna. Babu mai musun cewa akwai abin da ke jan matashi zuwa can. Yaron da ya taso a garin da masana'antu suka mutu, babu aiki, babu mai sauraronsa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, idan ya tsinci kansa cikin mutum dubu hamsin suna ihu da murya guda, dole ya ji kamar ya sami dangi. Ƙishirwarsa gaskiya ce, fushinsa ma gaskiya ne. Abin da 'yan jari hujja suka gano shi ne wannan fushi haja ce, ana iya tara ta wuri ɗaya, a yanka mata tikiti, a bar ta ta ƙone a dare guda, da safe kowa ya koma gida a gajiye, murya a dishe, aljihu a bushe, azzalumi kuwa yana nan daram a kan kujerarsa.

DAGA WOODSTOCK ZUWA WOODSTOCK

Duk mai kare wannan harka da Woodstock yake fara kafa hujja. A watan Agusta na 1969 kimanin mutum 400,000 suka taru a gonar wani mai kiwon shanu, Max Yasgur, a jihar New York, da sunan zaman lafiya da ƙin yaƙin Biyetnam. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda suka zuba kuɗin, John Roberts da Joel Rosenman, matasan attajirai ne da suka taɓa buga talla a jarida suna cigiyar inda za su zuba jari. Dala 18 aka sa wa tikitin kwana uku, kuma bikin ya koma kyauta ne kawai domin jama'a sun riga shinge isa wurin. Daga baya kamfanin Warner Bros ya fitar da fim ɗin bikin a 1970 ya kwashi maƙudan kuɗi.

To, shin yaƙin ya tsaya? Watanni takwas bayan bikin Shugaba Nixon ya tura sojoji cikin Kambodiya. A Woodstock jiragen sojan Amurka masu saukar ungulu ne suka riƙa kawo likitoci da magunguna. Amma ranar 4 ga Mayu, 1970, da ɗaliban jami'ar Kent State suka fito zanga-zangar ƙin wannan yaƙi, harsashi aka aika masu, aka kashe huɗu. Mahukunta sun san taron da ya kamata su ji tsoro, sun kuma san wanda za su taimaka masa ya ƙare lafiya.

Ba a yi wata huɗu ba, ranar 6 ga Disamba, 1969, makaɗan Rolling Stones suka shirya nasu bikin a Altamont da ke Kalifoniya. Tsaron dandamali sai aka damƙa shi ga 'yan dabar babura na Hells Angels, aka sallame su da giya. Suka wuni suna jibgar 'yan kallo da sanduna. Da dare suka fatattaki wani yaro Baƙar fata ɗan shekara 18, Meredith Hunter, ya dawo riƙe da bindiga, ɗaya daga cikinsu ya daɓa masa wuƙa har ya mutu, 'yan taku kaɗan daga inda Mick Jagger ke waƙa. Kotu ta sallami wanda ya yi kisan a kan cewa kare kai ya yi. Kyamara ta ɗauki waƙi'ar, aka sa ta a fim, aka sayar.

Bayan shekara talatin, a Yulin 1999, aka sake buga tambarin Woodstock, kuma a nan ne biri ya yi kama da mutum. Bikin da aka ce na ƙin yaƙi ne, a tsohon sansanin sojan sama na Griffiss aka yi shi, domin yana da katanga, babu mai shiga kyauta. Tikiti dala 150. Mutum wajen 200,000 a kan kwalta da kankare, zafi ya kai digiri 38, inuwa sai wadda ba a rasa ba, gorar ruwa dala 4. Bandakuna suka cika suka tumbatsa, matasa suka riƙa birgima cikin taɓon da ya cakuɗe da najasa suna zaton laka ce. Mutum uku suka mutu. 'Yan sanda suka buɗe binciken fyaɗe huɗu, ban da matan da suka haɗiye nasu baƙin cikin. A daren ƙarshe aka raba kyandirori domin tunawa da waɗanda bindiga ta kashe, jama'a suka cinna wa motocin kaya da rumfuna wuta da su. Wanda ya zauna a gida ma ba a bar shi ba, an sayar masa da kallon ta talabijin a kan kusan dala 60.

PANK: TAWAYEN DA AKA ƊINKA A KANTIN TUFAFI

Masu kare pank za su ce ai shi ya zo ne domin ya rusa wannan cinikin. To, a duba tarihinsa. Gaskiya ne Ingila ta 1976 tana cikin ƙunci: hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari a shekarar da ta gabace ta, marasa aiki sun wuce miliyan guda, gwamnati ta kai ƙoƙon bara ga Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya tana neman dala biliyan 3.9. Matasa na da dalilin fushi. Amma fitattun makaɗan pank na Landan, Sex Pistols, a kantin tufafi aka haɗa su. Malcolm McLaren da Vivienne Westwood suna da kanti a titin King's Road inda suke sayar da yagaggun riguna da sarƙoƙi, kuma McLaren ne ya zama manajan yaran, suna hawa dandamali sanye da hajarsa.

Kamfanin EMI ya ba su fam 40,000 a Oktoban 1976. Da suka yi ashar a talabijin ranar 1 ga Disamba, kamfanin ya rabu da su a Janairu, kuɗin ya zauna. A watan Maris na 1977 kamfanin A&M ya sa hannu da su a ƙofar fadar Buckingham, ya kore su cikin mako guda, suka tashi da fam 75,000. Sai Virgin na Richard Branson ya ɗauke su, kuma shi ya ɗauki nauyin jirgin ruwan da suka yi wasa a cikinsa a kogin Thames domin tsokanar Sarauniya a bikin cikarta shekara 25 a kan mulki. Kowace taƙaddama talla ce, kowace talla kuɗi ce. Abokan tafiyarsu The Clash, waɗanda suka fi kowa zancen talaka, tun a Janairun 1977 suka sa hannu da katafaren kamfanin CBS na Amurka a kan fam 100,000, kuma a 1991 tallar wandon Levi's ce ta kai waƙarsu matsayi na ɗaya a Ingila.

Su kuwa yaran da ke ƙasan dandamali me suka samu? A bikin pank na kulob ɗin 100 Club a Satumban 1976 an jefi kofin gilashi, ya tarwatse, wata yarinya ta rasa ido. Wanda aka kama da laifin, Sid Vicious, shi aka ɗauka cikin Sex Pistols bayan 'yan watanni, alhali bai iya kiɗa ba, domin haukarsa na jawo 'yan kallo. Ranar 14 ga Janairu, 1978, a wasansu na ƙarshe a San Francisco, mawaƙinsu Johnny Rotten ya tsuguna a gaban jama'a ya tambaye su ko sun taɓa jin cewa an damfare su, ya yar da makirufo ya fita. Shekara guda bayan haka, ranar 2 ga Fabrairu, 1979, hiroyin ta kashe Sid Vicious yana ɗan shekara 21, ana tuhumarsa da kisan budurwarsa. A 1980 McLaren ya fito a fim yana alfahari cewa tun farko damfara ya shirya, kuma sai da makaɗan suka kai shi kotu kafin a 1986 suka karɓo haƙƙinsu.

Ƙarshen labarin ya fi farkonsa ban takaici. Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, marasa aiki suka kai miliyan uku a 1982. Sex Pistols suka sake haɗuwa a 1996, suka raɗa wa rangadin nasu suna mai ma'anar ƙazamar riba, suka shaida wa 'yan jarida ƙarara cewa abin da ya haɗa su shi ne kuɗin 'yan kallo. Fadar da aka zaga ta ba Branson lambar girma a 2000, ta ba Jagger a 2003, ta ba Westwood a 2006. A 2008 Johnny Rotten ya fito yana tallar bota a talabijin. A 2015 bankin Virgin Money ya buga katin cin bashi ɗauke da sunan Sex Pistols. A 2016 ofishin magajin garin Landan da Laburaren Birtaniya suka shiga cikin bikin cikar pank shekara 40. Abin ya ishi Joe Corré, ɗan da McLaren da Westwood suka haifa, har ya tara kayan tarihin pank da ya ce sun kai fam miliyan 5 ya banka masu wuta a kan kogin Thames. Ihu bayan hari.

LISSAFIN ƘOFA

Da a ce asarar ta tsaya a kan kuɗi, da da sauƙi. Ranar 3 ga Disamba, 1979, makaɗan The Who suka je birnin Cincinnati na Amurka. An sayar da tikiti 18,348, daga ciki 14,770 babu lambar kujera, wato wanda ya riga shiga shi ke gaba. Mai shirya wasa yana son wannan tsari domin ya fi ɗaukar mutane. Matasa suka wuni cikin sanyi a bakin ginin, aka buɗe ƙofofi 'yan kaɗan, suka jiyo sauti daga ciki suka zaci an fara, na baya suka danno na gaba. Mutum 11 suka mutu, ƙaraminsu shekara 15, babbansu 27. Ba a gaya wa makaɗan ba sai da suka gama wasa, washegari kuma suka hau dandamali a Buffalo. A 1983 aka biya kowane gida kimanin dala 150,000. Birnin ya haramta wannan tsari, amma a 2004 ya janye haramcin domin manyan makaɗa suna tsallake shi.

Ya kamata a fahimci yadda ake mutuwa a irin wannan turmutsitsi, domin jaridu kan ɗora wa mamatan laifi, su ce bugaggu ne suka tattake juna. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a cikin murabba'in mita guda, babu mai iko da ƙafarsa, taron yakan koma kamar ruwa yana kaɗawa. Ƙirji ya matse, huhu ya kasa buɗewa, mutum ya suma ya cika yana tsaye. Na baya bai san abin da ke faruwa a gaba ba. Wanda ya san adadin tikiti da faɗin ƙofa shi kaɗai ke da ikon hana wannan tun kafin a taru. Hatta bikin Roskilde na Denmak, wanda ƙungiyar agaji ke gudanarwa ba domin riba ba, bai tsira ba: ranar 30 ga Yuni, 2000, samari tara suka mutu cikin taɓo a gaban dandamalin Pearl Jam, duk da mawaƙin ya tsayar da kiɗa yana roƙon a ja da baya. Idan haka ta faru a hannun masu kyakkyawar niyya, ina ga hannun wanda riba kaɗai ya sani?

Amsar tana garin West Warwick na jihar Rhode Island. Ranar 20 ga Fabrairu, 2003, makaɗan Great White suka hau dandamalin wani kulob mai suna The Station. Izinin wurin mutum 404 ne, a ciki akwai 462. Masu kulob ɗin sun liƙe bango da soso mai araha, mai saurin kama wuta, domin maƙwabta na ƙorafin ƙara, kuma babu bututun yayyafa ruwa a rufin. Manajan makaɗan ya kunna wasan wuta domin burge jama'a, soso ya kama, da farko 'yan kallo suka zaci cikin wasan ne. Cikin 'yan mintuna ginin ya zama tanderu, mutane suka cushe a ƙofar gaba, wani kan wani. Mutum 100 suka mutu, har da mai kaɗa jitar makaɗan, sama da 200 suka jikkata. Manajan da ɗaya daga cikin 'yan uwa biyu masu kulob ɗin aka yanke wa zaman kurkuku na shekara huɗu-huɗu, ɗayan kuma aka ce ya yi aikin al'umma na awa 500. Wato awa biyar a kan kowane rai.

Wanda ya fito da ransa ma ba lallai ya fito da kunnensa ba. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta yi gargaɗi a 2022 cewa fiye da mutum biliyan guda 'yan shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda tsananin ƙara, ta ce kada sautin wuraren wasa ya wuce ma'aunin desibel 100. The Who sun kai 126 a Landan tun 1976, aka sa su a kundin bajinta, mai kaɗa masu jita Pete Townshend kuwa ya shafe shekaru yana fama da kunne.

WANE NE GARDIN?

A 1994 Pearl Jam, a lokacin suna kan ganiyarsu, suka yi yunƙurin tsayar da tikitinsu a dala 18, ladan mai sayarwa kuma kada ya wuce dala 1.80. Kamfanin Ticketmaster, wanda ya ƙulla yarjejeniya da akasarin manyan wuraren wasa na Amurka, ya ƙi. Makaɗan suka kai ƙara Ma'aikatar Shari'a, biyu daga cikinsu suka ba da shaida a gaban majalisa. A 1995 gwamnati ta rufe binciken, daga bisani su ma suka koma hannun kamfanin. A 2010 gwamnatin ta amince Ticketmaster ya haɗe da Live Nation, babban mai shirya wasanni, ya zamana mai tikiti da mai fili da mai shirya biki duk mutum guda ne. A 2023 kuɗin shigar wannan kamfani ya kai dala biliyan 22.7. Sai a watan Mayu na 2024 Ma'aikatar Shari'ar ta farka ta maka shi a kotu, tana cewa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na tikitin manyan wuraren wasa. A Agustan wannan shekarar, da makaɗan Oasis, 'ya'yan leburorin Manchester, suka sanar da dawowarsu, masoyansu suka shafe awanni a layin intanet, suka iske tikitin fam 150 ya haura fam 350 kafin layi ya zo kansu. Wannan shi ne ubangidan dandamalin da ake hawa ana zagin jari hujja.

HUJJAR MASU KAREWA

Adalci ne a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Makaɗan Fugazi na birnin Washington sun shafe shekaru suna tsayar da kuɗin shiga a dala 5, sun ƙi manyan kamfanoni, kuma jagoransu Ian MacKaye, wanda ba ya shan giya ko ƙwaya, yakan tsayar da kiɗa ya mayar wa mai bangazar mutane kuɗinsa ya kore shi. Amma ana ambaton su ne domin sun fita daban, kuma tun 2003 suka jingine wasa, kasuwar ta ci gaba da tafiya ba tare da su ba.

Za a kuma kawo gangamin Rock Against Racism, wanda ya taso bayan da Eric Clapton, mutumin da ya yi arziki da kiɗan Baƙaƙe, ya tsaya a dandamali a Birmingham a 1976 yana kiran a kori baƙi daga Ingila. Ranar 30 ga Afrilu, 1978, dubun dubatar matasa suka yi tattaki zuwa Victoria Park a gabashin Landan, The Clash suka yi wasa. Niyyar mai kyau ce, an kuma wayar da kan wasu. Amma kwana huɗu bayan an naɗe lasifikoki, ranar 4 ga Mayu, a wannan yanki dai, aka daɓa wa Altab Ali wuƙa, wani matashi ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki, yana hanyar komawa gida. Abin da ya sauya unguwar Brick Lane shi ne abin da ya biyo baya: mutum kusan 7,000 suka bi bayan makararsa cikin ruwan sama har fadar Firayim Minista, matasan unguwar suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa fitowa mako bayan mako suna tsare kusurwar da 'yan wariyar National Front ke sayar da jaridunsu. Wannan aiki ne na haƙuri da tsari da sadaukarwa, kuma babu wanda ya yanki tikiti kafin ya shiga.

Ƙasar Romaniya ma ta ba da irin wannan darasi. Ranar 30 ga Oktoba, 2015, makaɗan Goodbye to Gravity suna ƙaddamar da faifai a kulob ɗin Colectiv, cikin tsohuwar masana'antar takalma a Bukarest. Wasan wuta, soso a jikin ginshiƙi, ƙofar fita guda ɗaya: kamar an kwafo abin da ya faru a The Station da Cromañón. Mutum 27 suka mutu a daren, adadin ya kai 64 a watannin da suka biyo, har da huɗu daga cikin makaɗan biyar, kuma 'yan jarida suka bankaɗo cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sayar wa asibitocin ƙasar an tsarma shi. Shekara da shekaru ana waƙar zagin cin hanci a irin waɗannan ɗakuna, babu ministan da ya rasa barci. Da mutum fiye da 20,000 suka fito titi ranar 3 ga Nuwamba, washegari Firayim Minista Victor Ponta ya yi murabus. A Ajantina ma iyayen yaran Cromañón ne suka dage da tattaki da zaryar kotu har aka tsige magajin gari a Maris na 2006, aka ɗaure mai gudanar da gidan, Omar Chabán, da jami'in 'yan sandan da ke karɓar toshiyar baki, da su kansu makaɗan. Tusa ba ta hura wuta, ko da an sa mata lasifika.

Saboda haka matashin da ke jin zafin zalunci a ƙirjinsa ya san cewa abin da yake ɗauke da shi dukiya ce mai tsada, kuma akwai masu farautarta. Duk inda aka kira shi ya zo ya huce fushi, ya fara tambaya: wa ya kira taron, wa zai amfana, me zai rage a hannu idan gari ya waye? Taron da ke ƙara wa mutum ilimi da tarbiyya da sanin ciwon ɗan uwansa, a tashi da shiri a dawo da shiri, shi azzalumi ke tsoro. Wanda ake shiga da hankali a fito babu shi kuwa, azzalumi da kansa zai ba da fili, ya turo jami'an tsaro, ya karɓi haraji, bayan shekara ashirin ya rataya wa mawaƙin lambar girma.

A titin Bartolomé Mitre, kusa da inda Cromañón yake, iyaye da waɗanda suka tsira sun rataye takalman yaran a kan igiya, irin takalman zanen nan masu araha da ɗan talaka ke sawa, waɗanda aka tsinto a bakin ƙofa bayan an kwashe gawarwaki. Da yawa daga cikin masu takalman sun riga sun fito da ransu, suka koma cikin hayaƙin domin ceto wasu, ba su sake fitowa ba. Irin wannan zuciya aka kai wa mai kwaɗo, ya sayar mata da tikiti. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.